Sikelin Bu'azizi: ina ikon 'yan sandan magajin gari ya tsaya?

Ranar Juma'a 17 ga Disamba 2010, da hantsi, jami'an magajin gari suka tsaya kan wani mai sayar da kayan marmari a garin Sidi Buzid na ƙasar Tunisiya, suka ɗauke masa sikeli da wani ɓangare na kayansa. Kwana 28 bayan nan Ben Ali, shugaban da ya yi shekara 23 yana mulkin ƙasar, ya hau jirgi ya gudu Jidda. Kusan kowa ya san labarin ta fuskar juyin juya hali, amma ni abun da ya tsaya min a rai wata ƙaramar tambaya ce da aka tsallake saboda girman abun da ya biyo baya, wai shin me doka ta yarje wa ɗan sandan magajin gari ya yi wa mai talla a bakin titi, ina ikon nasa ya ƙare, sannan in ya ɗauke maka kaya wace ƙofa za ka je ka buga?

Sunan yaron Muhammad Bu'azizi, an haife shi 29 ga Maris 1984, kenan shekararsa 26 lokacin. Babansa ya rasu tun yana ɗan shekara 3, ya fara talla tun yana wajen shekara 10, sakandare ma bai ƙarasa ba ya bari don ya riƙe gida, da baron nan yake ciyar da mahaifiyarsa Manubiya da kawunsa da ƙannensa har da wadda ke karatun jami'a. Abun da yake samu a wata bai wuce kimanin dala 140 ba. Kayan da ya fito da su ranar kuwa bashi ya ɗauko su a daren da ya gabata, na wajen dala 200, duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan gwari ya san yanda abun yake, ka ɗauki kaya a hannun dila da dare, ka sayar da rana, ka biya da yamma, abun da ya yi saura shi ne cefanen gida. Toh in aka taɓa kayan nan ba riba kaɗai aka taɓa ba, an taɓa uwar kuɗin da ba taka ba ce, an taɓa amanar da dila zai sake ba ka kaya gobe. Sikelin ma haka, na lantarki ne, mai sayar da tuffa da ayaba da kilo in ba sikeli ai ya tashi daga aiki.

Sidi Buzid gari ne na manoma a tsakiyar ƙasar, sama da kilomita 250 kudu da birnin Tunis, yankin zaitun da kayan lambu, irin yankunan ciki da aka bari a baya ana ta zuba kuɗi a garuruwan bakin teku inda 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Matasa ba aiki, talla a titi ita ce mafita, ita kuwa hukumar gari tana da wuraren da ta ce ba a kasa kaya.

Jami'ar da sunanta ya fito ita ce Fa'ida Hamdi, 'yar shekara 45, tana tare da abokan aikinta maza. Nan ne ya kamata a tsaya a gane ko su wane ne, domin mutane da yawa in suka ji ance 'yar sanda sai su ɗauka irin 'yan sandan Ben Ali ne masu kama 'yan adawa cikin dare. A'a, ma'aikatan baladiyya ne, wato hukumar gari, masu kula da bin ƙa'idojin da magajin gari ya shimfiɗa. Tunisiya ta zauna ƙarƙashin Faransa daga 1881 zuwa 1956 kuma tsarin mulkin garuruwanta daga can ta gado shi, a tsarin nan magajin gari ne ke da alhakin tsabta da lafiyar jama'a da kwanciyar hankalin titi da kasuwa da mayanka da gine gine, dokar garuruwa ta 1975 ce ke aiki lokacin. Shi magajin gari ba zai bi lungu da kansa ba, shi yasa yake da jami'ai masu yunifom da aka rantsar, aikinsu su ga an karya ƙa'ida su rubuta takardar shaida, su yanka tara, in ta kama su ƙwace kayan da aka kasa ba bisa ƙa'ida ba su kai ma'ajiyar hukuma. Shikenan. Ba su binciken manyan laifuka, ba su da gidan tsare mutane, ba su yanke hukunci, duka kuwa da zagi babu wata doka a duniya da ta sa su cikin aikin mai duba kasuwa.

In ka duba a takarda sai ka ga ikon ɗan kaɗan ne wallahi, ƙasa da na kurtun ɗan sanda. Amma ka tambayi kanka, a cikin duk masu kaki waye talaka ke haɗuwa da shi kullum? Mai baro zai iya shekara goma bai ga alƙali ba, bai shiga caji ofis ba, amma jami'in gari kullum sai sun haɗu, kuma abun da ke tsakaninsu abincin ranar ne. Shi yasa nake ganin wannan ƙaramin iko ya fi buƙatar a ɗaure shi da ƙa'ida dalla dalla, don wanda ake amfani da shi a kansa ba shi da lauya ba shi da wanda zai buga wa waya.

Akwai ma saɓani kan ko ya karya doka tun farko. Jami'an gari sun ce ba shi da izini kuma wurin da ya tsaya an hana talla, shi kuma shugaban ofishin samar da aikin yi na Sidi Buzid ya fito daga baya ya ce ba a buƙatar wani lasisi don sayar da kaya a kan baro. Kaga ma'aikatan gwamnati ɗaya a gari ɗaya bakinsu bai zo ɗaya ba kan ƙa'idar da ake ƙwace wa mutum jari a kanta, toh ina ga mai tallan da bai gama sakandare ba? Duk inda ƙa'ida ta zama haka, ba a san farkonta ba ba a san ƙarshenta ba, sai ta koma abun ciniki, yau a kau da kai gobe a kama ka, ya danganta da abun da ka miƙa. 'Yan uwansa da abokan sana'arsa sun faɗa cewa ba ranar aka fara ƙwace masa kaya ba, an daɗe ana yi, kuma na goro ne ke raba rigimar in akwai shi.

Abun da ya biyo bayan ƙwacen shi ne zuciyar lamarin a wurina. Yaron nan bai ɗauki dutse ba, bai tara 'yan daba ba, hanya ya bi. Ya je ofishin hukumar gari yana neman a ba shi sikelinsa, ba a saurare shi ba. Ya wuce ofishin gwamna yana neman a ji kokensa, nan ma aka hana shi ganin kowa. Wato ya yi daidai abun da ake cewa ɗan ƙasa nagari ya yi, ya kai ƙara sama, sai ya tarar saman a kulle. Wajen ƙarfe 11:30 na safe, kimanin awa ɗaya da faruwar abun, ya cinna wa kansa wuta a gaban ofishin gwamnan.

Ba zan yaba wannan aikin ba kuma ban ga yanda musulmi zai yaba ba, kashe kai haramun ne, jami'ar Azhar ma ta fito ta jaddada haka a Janairun 2011 da aka fara kwaikwayonsa a Masar da Aljeriya da Muritaniya, Allah ya gafarta masa ya jiƙan shi. Amma haramcin abun da ya yi ba ya wanke waɗanda suka rufe masa ƙofa. Da a ce akwai wani teburi ɗaya a ofishin nan da za a ce masa ga rasit ɗinka, kayanka suna wuri kaza, tararka kaza, ka biya ka karɓa kafin azahar, in ba ka yarda ba ga wanda za ka gani, ina kyautata zaton da ya koma ya tura baronsa yana ƙunƙuni kamar kullum.

An kai shi asibitin garin, daga nan Sfax, daga nan asibitin masu ƙuna na Ben Arus kusa da Tunis, wuta ta ci sama da kashi 90 na jikinsa. Ran 28 ga Disamba Ben Ali ya je duba shi aka ɗauki hoto, shugaba tsaye da kwat, yaro naɗe da bandeji tun daga kai har ƙafa. Ya rasu 4 ga Janairu 2011. Kafin nan tuni danginsa da 'yan kasuwa da 'yan ƙungiyar ƙwadago sun taru a ƙofar gwamna tun ranar farko, aka ɗauki bidiyo da waya aka sa a Facebook, Aljazira ta ɗauka ta watsa, zanga zanga ta bazu Manzil Buzayyan da Tala da Kasrin inda aka yi ta harbin mutane, har ta iso Tunis. Sama da mutum 300 suka mutu kafin abun ya lafa.

Sai maganar mari. Labarin da ya zaga duniya shi ne Fa'ida ta sharara masa mari a gaban jama'a, ta tofa masa yawu, ta zagi mahaifinsa da ya rasu, kuma a gari irin Sidi Buzid mace ta mari namiji a kasuwa ba ƙaramin abu ba ne, wannan ɗin ne ya fi tunzura mutane fiye da sikelin. Ita kuwa tun ranar farko har yau maganarta ɗaya ce, ta ce kaya ta ƙwace kamar yanda aikinta ya tanada, an yi sa'insa, amma hannunta bai taɓa fuskarsa ba. Haka kuma aka yaɗa cewa ya gama jami'a ya rasa aiki, wannan kam an tabbatar ba gaskiya ba ne, danginsa ma sun faɗa, kuma daga baya wasu cikin masu fafutukar garin sun amsa cewa an ƙara wa labarin gishiri don ya motsa jama'a.

Dubi yanda gwamnati ta yi da ita. A ƙarshen Disamba da wuta ta kama, sai aka ba da umarni daga sama a kama ta don a huce wa mutane, aka kai ta kurkukun Gafsa, Ben Ali ya gudu ya bar ta a ciki, sabuwar gwamnati ma ba wanda ya yi ƙarfin halin tuna ta, sai da ta shiga yajin cin abinci tana neman a kai ta gaban alƙali. Ta yi kusan wata huɗu a tsare. Ran 19 ga Afrilu 2011 kotu a Sidi Buzid ta sallame ta ta wanke ta, shaidu ba su tabbatar da marin ba, mahaifiyar Muhammad kuma ta janye ƙararta.

Ni a nan nake ganin rashin ƙa'ida ya ci mutum biyu. Ya ci mai baro don ba shi da takardar da zai riƙe ya nemi haƙƙinsa, ya kuma ci jami'ar don ita ma ba ta da abun da za ta nuna ta ce ga iyakar abun da na yi, ga wanda ya sa hannu, ga lissafin kayan, sai maganarta da maganar gari. Waɗanda suka tura ta titi ta kori masu talla ba tare da sun tanadar musu wurin zama ba, da waɗanda suka ƙi buɗe ƙofa da yaron ya zo, ba su ne suka kwana a Gafsa ba, an dai sauke gwamnan. Ba ina cewa ita waliyiya ba ce, tsarin da take wa aiki ya daɗe yana tatsar talakawa kuma tana cikinsa, amma ɗora wa ƙaramar ma'aikaciya laifin shekara 23 zalunci ne shi ma.

Dalilin da ya sa ake yin 'yan sandan gari tun asali shi ne kusanci. Ana cewa ɗan gari ya san gari, kuma in ya yi ba daidai ba za a kai kuka wurin magajin gari, shi kuma yana tsoron ranar zaɓe. A Tunisiyar Ben Ali wannan igiyar a tsinke take, majalisun garuruwa jam'iyyar RCD mai mulki ce ta cika su, gwamna kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, ba wanda kujerarsa ke hannun masu baro. Sai aka samu jami'i mai ikon taɓa abincin mutane, wanda ke sama da shi kuma Tunis kawai yake kallo.

Ita Faransa da aka kwaikwayo tsarin daga gare ta, dubi yanda take taka tsantsan da wannan iko. Dokar 15 ga Afrilu 1999 ce ta tsara 'yan sandan magajin gari a can, suna ƙarƙashin magajin gari amma kafin mutum ya fara aiki sai wakilin gwamnati na yankin da mai gabatar da ƙara sun amince da shi sannan a rantsar da shi. Suna rubuta tarar karya dokar hanya da ƙa'idojin gari, suna iya tambayar sunanka don su rubuta takardar laifin, in ka ƙi sai dai su kira jami'in 'yan sandan ƙasa mai ikon bincike ya ce ga abun da za a yi. In suka kama mutum dumu dumu yana aikata babban laifi za su riƙe shi su miƙa shi nan take, ba su da ikon tsare shi su yi masa tambayoyi. Bindiga ma sai magajin gari ya nema wakilin gwamnati ya sa hannu. A 2021 majalisa ta yi dokar da za ta gwada ƙara musu iko a wasu garuruwa, ciki har da rubuta laifin talla ba izini da ƙwace kayan, laifin da a can yana iya kai mutum kurkukun wata 6 da tarar yuro 3,750, amma ran 20 ga Mayu 2021 majalisar kare tsarin mulki ta soke wannan sashen, hujjarta ita ce aikin da ya shafi tuhumar laifi dole ya zama ƙarƙashin kulawar ɓangaren shari'a, ba a bar shi hannun ma'aikatan da ke karɓar umarni daga ɗan siyasar gari ba. Ba wai Faransa aljannar masu talla ba ce, baƙin fata masu sayar da kaya a gindin hasumiyar Eiffel kullum cikin gudu suke, abun lura dai shi ne har majalisar kare tsarin mulki aka je kan tambayar waye ke da ikon ɗaukar kayan mai talla.

Mu ma abun bai yi mana nisa ba. A Nijar akwai 'yan sandan magajin gari, gadon tsarin nan ɗaya ne. A Najeriya kuwa tun da aka narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon, sashe na 214 na kundin 1999 ya ce ba wata rundunar 'yan sanda sai guda ɗaya, amma kundin nan dai a jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna da kes, har da ba da lasisin keke da baro da amalanke. An ba su aikin ba a ba su 'yan sanda ba, sai giɓin ya cika da 'yan kwamiti da masu yankan rasit da hukumomin jiha kala kala, kowa da rigarsa. A Legas a ƙarshen Yunin 2016 wani mai talla yana gudun jami'an hana talla mota ta take shi ya mutu a unguwar Maryland, jama'a suka huce kan motocin BRT. Yanzu da ake ta muhawarar 'yan sandan jihohi kowa maganar bindiga da 'yan ta'adda yake, ni sashen da zan fara nema a duk dokar da za a kawo shi ne na ƙwace kaya, waye ke da ikon, dole ne ya ba da rasit mai sunansa da lambarsa ko kuwa, ina ake ajiye kayan, tumatir da mangwaro da ba sa kwana ya za a yi da su, cikin awa nawa mai kaya zai ga wanda zai saurare shi wanda ba ogan mai ƙwacen ba.

A Tunisiya abun da aka yi bayan juyin bai warware matsalar ba, gefe ɗaya aka bari aka faɗa ɗayan. Jami'an gari suka tsorata, ba mai son ya zama Fa'ida ta biyu, suka nemi kariya, a 2012 aka rushe rukuninsu aka shigar da su cikin 'yan sandan ƙasa ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Sai hukumomin gari suka wayi gari suna da ƙa'idoji amma masu zartarwa ba a hannunsu suke ba, su yanke shawarar rushe ginin da aka yi ba izini ko tashin masu kasa kaya a hanya, takarda ta yi ta kwana a durowa. Titunan tsakiyar Tunis suka cika da tebura, shara ta taru, masu shaguna da ke biyan haraji suka yi ta kuka, in abun ya ishi hukuma sai a yi samame na kwana biyu a kwashe kowa, bayan sati a dawo. Shi kuma mai tallan bai samu wurin zama na halal ba bai samu takardar da za ta kare shi ba, a Maris 2013 wani matashi mai sayar da sigari a titi, Adil Khazri, ya ƙona kansa a babban titin Habib Burgiba ya mutu. A Maroko ma ran 28 ga Oktoba 2016 Muhsin Fikri mai sayar da kifi a Husaima ya mutu cikin motar shara yana ƙoƙarin ceto kifinsa da hukuma ta ƙwace ta zuba a ciki, yankin Rif ya yi watanni yana zanga zanga.

An ɗan yi yunƙuri daga baya. A Yunin 2017 aka ƙaddamar da 'yan sandan muhalli masu aiki da hukumomin gari kan shara da tsabta, a Mayun 2018 aka yi sabuwar dokar ƙananan hukumomi aka kuma yi zaɓen garuruwa na farko cikin 'yanci a garuruwa 350, har mace ta farko Su'ad Abdurrahim ta zama magajiyar garin Tunis. A karon farko mai baro a Sidi Buzid ya samu kansila da ya zaɓa da hannunsa wanda zai iya tarewa a hanya ya faɗa masa damuwarsa, duk da majalisun sun yi ta fama da rashin kuɗi da rigimar jam'iyyu kuma 'yan sandan gari na hannun ma'aikatar cikin gida. A Maris 2023 shugaba Kais Sa'id ya rushe majalisun gaba ɗaya, aka miƙa tafiyar da garuruwan ga sakatarorin hukumomin ƙarƙashin kulawar gwamnonin da shi yake naɗawa.